A sami masu rubuta sharhin wasan kwaikwayo a Sabon Maci

Da kaka ta yi, aka ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, garuruwan da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro su kan sami sararin wasa, Sabon Maci kuwa na cikinsu. Idan aka shirya wasan kwaikwayo a kan share fili, a shimfiɗa tabarmi, a jera kujerun manya a gaba, samari da ƴan mata su fito su kwaikwayi mai gari da boka da ɗan kasuwa da matar da kishiya ta dama. Jama'a su yi dariya har da hawaye, su watse. Kashegari a yi ta hirar wasan a bakin rijiya da rumfar mai shayi. Bayan mako guda kuwa, shi ke nan, ya bi iska, domin ba a sami wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da aka nuna ba, balle inda ya yi kyau da inda ya gaza.

Wannan asara ce, kuma ta daɗe ana yin ta. Kamar yadda kowa ya sani, kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Akwai tashe cikin watan azumi, akwai wasan kara, inda yara kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu su kwaikwayi masu mulki a gaban masu mulkin. Bayan da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 aka farfaɗo da samariya, a 1976 kuma aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, wanda ya riƙa zagaya manyan birane. Kafin ƴan wasa su kai can sai sun yi gasa tun daga ƙasa, daga gunduma irin ta Dakwaro zuwa Maraɗi, sannan a fid da gwani. A zamanin ne Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram suka shiga gidaje ta rediyo da talabijin. To, ina wasannin ƙauyukan da suka yi wannan gasa? Yawancinsu ba a rubuce suke ba. Ƴan wasa kan zauna su tsara ƙashin labarin, kowa ya san matsayinsa, maganar kuwa sai an shiga fili take zuwa. Da samariya ta watse bayan zamanin mulkin soja na wancan lokaci, wasannin suka watse tare da ita. Abin takaici, littafin da ya fi tattara labarinsu wata Ba'amurkiya ce, Janet Beik, ta wallafa shi a 1987, da Ingilishi, harshen da mutanen da suka yi wasan ba su ji. A Nijeriya an buga Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ɗalibai suka karanta su a makarantu. Wasan da ba a buga ba, sharhin da aka rubuta a kansa shi kaɗai ne shaidarsa.

Wannan aiki bai fi ƙarfin wanda ya sauke karatun yaƙi da jahilci ba. Wanda ya iya rubuta wasiƙa, ya iya riƙe lissafin ƙungiyar manoma, zai iya cika shafi guda a kan wasan da ya gani da idonsa. Ya fara da rana da wuri da sunan wasan da masu yin sa, ya faɗi labarin cikin layi biyar ko shida, sannan ya shiga ainihin aikin, watau hukunci. A nan ne ake yawan tuntuɓe. Rahoton da aka saba karantawa ya kan cinye kashi uku cikin huɗu wajen jera manyan baƙi da jawabin da kowannensu ya yi, a ƙarshe a ce wasa ya ƙayatar, jama'a sun ji daɗi. Mai karanta wannan ya san wanda ya zauna a kujerar gaba, amma bai san kome ba game da wasan.

A ɗauki misali. A ce ƴan wasan Sabon Maci sun shirya wasa a kan manomi da makiyayi. A gundumar Dakwaro wannan magana ce mai nauyi, domin nan ne gonaki ke haɗuwa da makiyaya, dabbobi kuma na ratsawa arewa da damina, su komo kudu da kaka. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, a 1993 aka kafa dokar tsarin karkara wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye, kuma jihar Maraɗi ba ta manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda aka kashe mutum fiye da 100. Saboda haka mai sharhi ya duba da kyau. Shin an ba makiyayin bakin magana, ko kuwa an sa masa malfa da sanda ne kawai don a yi wa Hausarsa dariya? An nuna manomin da ya cinye burtali da garmarsa, ko an ɗora laifin duka a kan shanu? Wanda ya raba gardamar, da hujja ya raba ta ko da tsawa? Ya kuma juya ya dubi ƴan kallo, ya rubuta inda suka yi dariya da inda suka yi tsit, domin wani lokaci wurin da ƴan wasa suka nufi wa'azi nan jama'a ke tafi, mugun cikin labarin ya tashi da farin jini. Idan haka ta faru, wasan ya koyar da kishiyar abin da ya nufa, kuma dole a faɗa.

Wani zai ce gari ƙarami ne, kowa ɗan'uwan kowa ne, wanda ya fito a matsayin alƙali ƙanen matar mai rubutu ne, suka kuwa na jawo gaba. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Maganinta shi ne a soki aikin a bar mutumin. A ce muryar alƙalin ba ta kai bayan fili ba, ko an ja zaman shari'ar har yara suka fara barci. Wannan gyara ne, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. A yi hattara musamman da ƴan mata masu wasa, waɗanda sau da yawa sai an roƙi iyayensu kafin su fito. Kalma guda ta ganganci a takarda na iya mai da yarinya gida har abada. Inda aka yi gwaninta kuma a yaba da suna, a faɗi abin da gwanin ya yi.

Saura ma'aikatan hukuma da masu ayyukan raya karkara. A yau da yawa daga wasannin da ake nunawa a ƙauyuka su ne ke biyan kuɗinsu, a kan rigakafi ko auren wuri ko sa yara lakwal. Wanda ya biya ya kan so a ce saƙonsa ya isa, alhali kuwa sharhin gaskiya ne zai gaya masa ko jikkunan da ya kashe sun yi amfani. Ya kamata ya bar mai rubutu ya faɗi cewa jawabin likitan da aka cusa a tsakiyar wasa ya kashe labarin, in dai ya kashe shi. Ɗaukar hoto da salula ba ta wadatar ba: wayar kan lalace ko a sayar, kuma ba ta faɗin ra'ayi.

Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, rubutu da ita a ofis ba abin jin nauyi ba ne. Ofishin magajin garin Sabon Maci na iya ajiye babban littafi guda, duk wasan da aka yi a garin ko a ƙauyukansa a manna sharhinsa a ciki da kwanan wata. Malamin karatun manya kuma ya kai ɗalibansa kallo, kashegari kowa ya rubuta shafinsa, a karanta su a gaban ƴan wasan, su ma a ba su dama su mai da martani, a rubuta nasu a shafin da ke biye.