Ɗan Mai Ciwon Sukari Ma Yana Buƙatar Sukari A Aljihu

Da yawa daga cikin iyaye, da zarar likita ya ce yaronsu yana da ciwon sukari, sai su ɗauki sukari tamkar guba, su kawar da shi daga gida gaba ɗaya. A ganina wannan kuskure ne mai haɗari, musamman ga yaron da ake yi wa allurar insulin.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya. Abincinta sukarin da jini ke kawo mata ne a kowane minti, kuma ta ƙaramin yaro tana cin kusan rabin ƙarfin da jikinsa ke samu. Idan aka yi wa yaro allura bai ci abinci ba, ko ya yini yana wasan ƙwallo, ko amai ya kama shi, sukarin jininsa yana iya sauka ƙasa da 3.9 a na'urar gwaji (wasu na'urorin kan nuna 70). Daga nan sai gumi, rawar jiki, yunwa da kuka babu dalili. In aka yi sakaci sai magana ta rikice, ya kasa gane mutane, ya suma ko ya kama jijjiga. Irin wannan suma, idan tana maimaituwa ga yaron da bai kai shekara 6 ba, tana iya taɓa ƙarfin riƙe karatunsa. Wani lokacin ma malami a aji ya ɗauka lalaci ne, ya kai masa bulala.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake ɓatawa. A ce iska ce, a kawo hayaƙi, a aika kiran mai magani. Ba na hana kowa addu'a, amma a yi ta ana ba yaro sukari. Daga Dutsen Abba zuwa Tudun Wada, balle Shika, tafiya ce, ga neman abin hawa cikin dare. Saboda haka maganin farko a gida yake: in yaro yana iya haɗiya, a jiƙa ƙwayar sukari biyu ko uku a ba shi, ko rabin kofin lemon kwalba. A sake gwadawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.

Ke kuma mai juna biyu da ke da ciwon sukari, wannan magana ta shafe ki. Jaririnki ya saba da yawan sukari tun yana ciki, jikinsa yana fitar da insulin da yawa. Da an yanke cibi sai sukarinsa ya faɗi cikin sa'o'in farko, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Shi ya sa ya kamata ki haihu a asibiti inda za a gwada jininsa. Ki sa shi a nono cikin sa'a ta farko, kuma kada ki yarda a tatse dakashi a zubar. Maigida da uwar miji, ku mara mata baya a kan wannan.