Shaidar Idanu Biyu

Tun da wayar hannu ta yawaita a hannun samarin Rimaye da sauran garuruwan Kankiya da Kusada, akwai wani irin zane da ke yawo tsakaninsu, wanda in mutum ya ƙura masa ido sai ya ga kamar rami ya buɗe a cikin gilashin wayar, in kuwa ya goga yatsa ko ya karkata ta, sai zobban da ke ciki su matso ko su ja da baya, alhali gilashin nan a shimfiɗe yake. Waɗansu dattawa sun ce rufa-ido ne, a raba yara da shi. Waɗansu sun ce shiririta ce ta marasa aikin yi. A ganina duka an yi gaggawar yanke hukunci, domin abin nan babi ne na ilmi, kuma makaranta ce muhallinsa.

Asalin al'amarin shi ne, Allah cikin hikimarsa ya raba idanun mutum da tazarar wajen santimita 6, saboda haka kowanne yana ganin duniya ta nasa gefen. Mai shakka ya tsai da yatsa gaban hancinsa, ya rufe idon dama ya buɗe, sa'an nan ya rufe na hagu, zai ga yatsan yana tsalle ko da yake bai motsa shi ba. Idanun nan shaidu biyu ne masu ɗan saɓani, ƙwaƙwalwa kuwa alƙali ce, daga gwargwadon saɓanin nasu take hukunta abin da ke kusa da abin da ke nesa. Wannan shi ne abin da Charles Wheatstone ya tabbatar a Ingila a 1838, sa'ad da ya jera madubai biyu ya nuna wa kowane ido zanensa dabam, sai zane biyu suka zama abu guda mai kauri da zurfi. Ita waya, da yake fuska ɗaya take nuna wa idanu duka, galibi da motsi take dabara, watau ta sa na kusa ya gudu da sauri, na nesa ya bi a hankali, yadda matafiyi a hanyar Kano zuwa Katsina ke ganin itatuwan bakin titi suna wucewa da gudu, na can cikin gonaki kuwa suna jan ƙafa.

Bahasin kuma ba baƙo ba ne ga Musulmi, gama Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya yi zamansa a Alƙahira, ya keɓe juzu'i na uku na littafinsa Kitabul Manazir ga kurakuran gani, har ya yi gwaji a kan yadda idanu biyu ke haɗuwa su ga abu ɗaya. Haka nan maginanmu da masu ɗinkin riga sun daɗe da sanin wani sashe na sirrin, domin duk wanda ya dubi dagi a ƙirjin riga zai rantse zaren nan ya bi ta ƙarƙashin wancan ya ɓullo, alhali katse layin kawai aka yi a daidai mahaɗa. Lokacin da aka baje zane-zanen Victor Vasarely da Bridget Riley a New York a 1965 jama'a suka yi ta mamaki, irin wannan ruɗin layi da layi ne ya kama su.

Lalle abin bai rasa illa ba: yana cin lokaci, yana sa jiri, kuma zane mai walƙiya yakan tayar wa waɗansu masu farfaɗiya da ciwonsu. Amma amfaninsa ya rinjaya. Yaron da ke da harara-garke, ko wanda idonsa ɗaya ya raunana tun yana ƙarami, sau da yawa ba ya ganin zurfin da idanu biyu ke bayarwa, kuma ba zai yi ƙorafi ba tun da bai taɓa sanin wani gani dabam ba. Likitocin ido da hotuna masu zane biyu irin na Wheatstone suke gane shi, magani kuwa ya fi kamawa kafin ya kai shekara 7 ko 8. Bayan wannan, ɗalibin da ya ga idonsa ya ruɗe shi a aji, aka kuma bayyana masa dalili, ba zai yi saurin gaskata kowane hoton da aka turo masa ba.

Saboda haka ina kira ga malaman firamare da na Islamiyya a Rimaye su sanya gwajin yatsa da zanen dagi cikin darasi, tun da ba su bukatar komai sai alli da allo, kuma yaron da aka ga idonsa yana karkacewa, a shaida wa mahaifansa su kai shi asibiti a Kankiya, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, tun lokaci bai ƙure ba.