Kowa ya san mugu zai mutu, amma yadda zai mutu amana ce

Tun zamanin da gidajen sinima suke cika da mutane da dare a Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa, ƴan kallo suna da wata magana da suka riƙe, wai aktar ba ya mutuwa, shef-bandi kuwa ba ya tsira. Aktar shi ne jarumin fim, shef-bandi kuma shi ne babban mugu. Yau galibin mutane a telebijon ko a wayar salula suke kallo, amma maganar tana nan, gardamar da take haifarwa ma tana nan. In matasa sun taru a fada wajen shan shayi, aka ɗauko zancen finafinan ƴan leƙen asiri, da wuya a tashi ba a yi musu a kan abu biyu ba. Na farko, wane mugu ne ya yi mutuwar da ba a mantawa da ita. Na biyu, ko wanda ya riga ya kalli fim yana da ikon ya faɗa wa wanda bai kalla ba yadda ya ƙare.

Waɗansu suna ganin tambaya ta biyu ba ta da amfani. Hujjarsu ita ce, tun da kowa ya san mugu zai mutu, babu sauran asirin da za a tona. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba, kuma finafinan da kansu suna nuna dalili. Waɗanda za a kawo misali da su a nan duk sun yi shekaru da fitowa, amma za a faɗi ƙarshensu, saboda haka wanda bai gan su ba, kuma yana son ya gani da idonsa, sai ya ajiye takardar har ya kalla.

Ramin mugunta

Babu ɗan leƙen asirin fim da ya kai Jems Bond suna. Wani marubucin Ingila, Ian Fleming, shi ya ƙago shi cikin littafin Casino Royale a 1953. Fim na farko ya fito a 1962, kuma zuwa 2021 jerin finafinan ya kai 25. A wancan fim na farko mugun shi ne Dokta No, wanda ya kafa injin nukiliya a wani tsibiri kusa da Jamaika domin ya riƙa karkatar da rokokin Amurka. Hannuwansa na ƙarfe ne, da su yake tsorata mutane. Da faɗa ya kai su bakin ruwan da ke sanyaya injin, ruwan kuwa yana tafasa, sai hannuwan nan suka kasa riƙe ƙarfen da zai kama ya fita, ya sulale ya nutse.

A fim ɗin Goldfinger na 1964, mugun ya so ya gurɓata zinariyar gwamnatin Amurka da ke ajiye a Fort Knox, domin tasa ta ƙara daraja. Bawansa Oddjob yana da hula mai bakin ƙarfe wadda yake jifa da ita ya kashe mutum. A faɗan ƙarshe hular ta maƙale cikin sandunan ƙarfe, ya miƙa hannu ya cire ta, Bond ya jona wa sandunan wayar lantarki. Shi kuma uban gidan, bindigarsa ce ta tashi cikin jirgin sama ta fasa taga, iska ta zuƙe shi waje. Haka kuma a Demain ne meurt jamais na 1997, Elliot Carver, mai jaridu da gidajen telebijon, ya nemi haɗa Ingila da Sin yaƙi domin kasuwar labarinsa ta faɗaɗa. Injin mai haƙora da mutanensa suka huda jirgin yaƙin Ingila da shi, shi ne ya niƙe shi.

Duk wanda ya jera waɗannan misalai zai ga zare ɗaya ya ratsa su. Abin da mugu ya dogara da shi, shi ke juyowa ya ci shi. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Masu shirya fim ba su san wannan karin magana ba, amma a kansa suka gina sana'arsu. Tun farkon fim suke nuna hular, suke nuna injin, sa'annan su janye hankalin mai kallo zuwa wani wuri har ya manta. In abin ya dawo a ƙarshe, mai kallo ya yi mamaki, kuma a lokaci ɗaya ya ce ai dama haka ya dace. Wannan ɗan lokaci shi ne abin da mutum ya biya kuɗinsa ya saya. Ko a tatsuniya haka abin yake. Yara sun san Kura ba za ta ci riba ba, abin da suke jira shi ne ta wace dabara Gizo zai kai ta ƙasa, kuma yaron da ya yi wa mai ba da tatsuniya riga-malam-masallaci, tsawa ake yi masa.

Kallon farko ɗaya ne

Mutum yana iya kallon fim sau goma, amma kallon farko sau ɗaya yake samunsa. Wanda ya faɗa masa ƙarshe ya ɗauke masa abin da ba zai iya mayar masa ba, ko da ya ba shi haƙuri. Shi mai faɗar kuwa babu abin da ya ƙaru da shi sai ɗan alfaharin cewa ya riga kowa gani.

Masu sana'ar sun daɗe da gane wannan. A 1955 Henri-Georges Clouzot na Faransa ya rufe fim ɗinsa Les Diaboliques da rubutu a kan allo, yana roƙon ƴan kallo kada su gaya wa abokansu abin da suka gani. A 1960 Alfred Hitchcock ya sa gidajen sinima su hana kowa shiga in an riga an fara nuna Psychose. Lalle akwai dabarar kasuwa cikin wannan, domin asiri yana jawo mutane, amma kasancewar mai kaya yana da riba bai soke haƙƙin mai saye ba.

Masu tona asiri suna da hujja ta ilimi da suke kawowa, kuma adalci ne a saurare ta. A 2011 waɗansu masu bincike biyu na jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai 12 su karanta. Waɗansu an faɗa musu ƙarshe tun da fari, waɗansu ba a faɗa ba. Sai aka tarar waɗanda suka san ƙarshe sun ɗan fi jin daɗin karatun. Ana iya fahimtar dalili, domin wanda ya san inda hanya ta nufa yana da sukunin duba abin da ke bakin hanya. To, amma binciken da ya biyo baya bai tsaya duka a kan wannan sakamako ba, kuma gajeren labarin da aka miƙa wa ɗalibi a aji daban yake da fim ɗin da mutum ya yi watanni yana jira. Ko da binciken ya tabbata ɗari bisa ɗari, zaɓi na mai kallo ne. Wanda yake son ya sani yana da bakin tambaya. Babu wanda ya ɗora wa maƙwabcinsa nauyin zaɓar masa irin daɗin da zai ji.

Akwai kuma finafinan da maganar ƴan sinima ba ta aiki a cikinsu sam, kuma a nan ne ɓarnar mai tona asiri ta fi girma. John le Carré, wanda shi kansa ya yi aikin leƙen asiri wa Ingila, ya rubuta L'Espion qui venait du froid a 1963, aka yi fim da shi a 1965, Richard Burton ya fito a matsayin Leamas. An aika Leamas Jamus ta Gabas yana zaton aikinsa shi ne ya halaka Mundt, wani azzalumin babban jami'i, tsohon ɗan Nazi. Sai can ƙarshe ya gane Mundt ɗin yaron Landan ne, kuma an yi amfani da shi ne domin a kuɓutar da azzalumin, a hallaka mutumin da ya gano shi. Mugu ya tsira, Leamas da yarinyar da yake so aka harbe su a katangar Balin. Wanda aka gaya wa wannan tun a ƙofa, an raba shi da dukan darasin fim ɗin, domin darasin shi ne ya ji a jikinsa yadda ake yaudarar mutum.

Ko Bond kansa bai tsira har abada ba. Mourir peut attendre, wanda aka shirya fitarwa a watan Afirilu na 2020, annobar korona ta jinkirta shi har ƙarshen Satumba na 2021. A cikinsa Bond, wanda Daniel Craig ya fito a matsayinsa karo na biyar, ya kashe mugun, amma an riga an sa masa wata cuta da aka ƙera, wadda za ta kashe matar da yake so da ƴarsa in ya taɓa su. Ya tsaya a tsibirin har makamai masu linzami suka sauka a kansa. Bayan shekara 59 aktar ya mutu. Masu fim ɗin sun roƙi jama'a su rufe asirin, kuma duk wanda ya samu labarin ta wayarsa kafin ya kalla ya san abin da aka raba shi da shi.

Shiru yana da wa'adi

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa shiru shi ne dukan aikin mai kallo. In fim ya kwana biyu, waɗanda suke so sun samu damar gani, to magana ta zama wajibi, domin ba kowace mutuwar mugu ce ta cancanci tafi ba, kuma ba a iya auna ta sai an faɗe ta.

A Vivre et laisser mourir na 1973, Yaphet Kotto ya zama baƙar fata na farko da ya fito a matsayin babban mugu cikin jerin. Shi ne Kananga, shugaban gwamnatin wani ƙagaggen tsibiri a yankin Karibiyan, mai shirin raba tan 2 na ƙwayar hiroyin kyauta domin ya mallaki kasuwa. An nuna shi mai wayo da kwarjini. Amma a ƙarshe Bond ya cusa masa harsashi mai matsattsiyar iska a baki, ya kumbura kamar balan-balan, ya tashi sama ya fashe. Masoya da yawa suna lissafa wannan cikin mutuwar da ta fi ban dariya. Ɗan kallo na Afirka yana da damar ya tambaya da wa ake dariyar, kuma me ya sa wannan mugu ya samu ƙarshen wasan yara alhali waɗansu sun samu ƙarshe mai nauyi. Ba dole ne kowa ya ba da amsa ɗaya ba, amma tambayar ta cancanci a yi ta.

Permis de tuer na 1989 ya kawo wata tambayar. Sanchez, mai fataucin hodar ibilis, ya sa an jefa abokin Bond ga kifin teku mai cin mutane, aka kuma kashe amaryarsa. Hukumar Bond ta hana shi bin sawu, ya ƙi, aka janye masa izininsa. A ƙarshe Sanchez ya jiƙe da man fetur, Bond ya cinna masa wuta da ɗan abin kunna taba da ango da amarya suka ba shi kyauta ranar aurensu. An tsara wurin da gwaninta, zuciyar mai kallo kuma tana yin sanyi. Amma sunan abin da aka yi ramuwar gayya. Lambar 007 kanta, sifili biyun da ke gabanta alamar izinin kisa ce, watau ma'aikacin gwamnati da aka ba ikon ya kama, ya yanke hukunci, ya zartar, babu alƙali babu shaida. A cikin fim wannan ba ya damun kowa, domin mai kallo ya ga laifin mugu da idonsa. A duniya kuwa babu wanda ake nuna wa laifi a kan allo, shi ya sa aka kafa shari'a. Yaron da ya kalli irin waɗannan finafinai ɗari, babu babban da ya taɓa zaunawa da shi ya bambanta masa su, yana iya tashi da zaton cewa duk wanda aka kira mugu jininsa ya halatta. Wanda ya ga yadda taron jama'a yake far wa wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa ya san inda wannan zato yake kaiwa.

Saboda haka abin da ake bukata ga masoya fim ladabi ne mai sauƙi. Kafin mutum ya buɗe baki a fada ko a wurin aiki, ya tambaya ko akwai wanda bai gani ba. In akwai, ya yabi fim ɗin ko ya kushe shi, ya bar ƙarshe a rufe. Masu rubutu a jarida da masu magana a rediyo su yi gargaɗi kafin su shiga labarin, haka ma masu aika saƙo ta waya, domin saƙo yana shiga idon mutum kafin ya yi shawarar karanta shi. In kuwa kowa ya gani, to a baje zancen, a yi musu a kan hular Oddjob da hannuwan Dokta No, kuma kada a tashi sai an tambayi juna ko mutuwar nan hukunci ce ko ramuwa, ko kuwa wulakanci ne kawai. Iyaye da malaman lakwal su ma su sa baki cikin wannan hira, tun da yaransu suna kallo, ko sun sani ko ba su sani ba.