Thanos ya yi ƙarya, amma wa ya ƙaryata shi?

Tun da fim ɗin Avengers: Infinity War ya fito a 2018, akwai wata magana da ke yawo a fadodin samari, har a bakin waɗanda sunka yi karatu mai zurfi: wai Thanos yana da gaskiya. Cikin raha ake faɗinta, a yi dariya, a zuba shayi na biyu. Ni kam ba ta ba ni dariya. Fim ɗin nan aikin gwanaye ne, kuma gwanintar ce ta ƙara wa laifinsa nauyi. Ya ba azzalumi fili ya baje hujjarsa son ransa, sannan bai tsai da ko mutum guda da zai ce masa lissafinka ba daidai ba ne.

Bari in fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanga fim shi ne na 19 a jerin da kamfanin Marvel ya soma da Iron Man a 2008. A tara jarumai sama da 20, kowa da fim ɗinsa da magoya bayansa, cikin labari guda na awa biyu da rabi, ba ƙaramin aiki ba ne. Kamar ka zuba zakarun kokowa na jihohi 8 cikin fili ɗaya, lokaci ɗaya, kuma ka ce kada ɗan kallo ya rikice. Masu ba da umarni, Anthony da Joe Russo, da marubuta, Christopher Markus da Stephen McFeely, sun samo dabara. Sunka rarraba jaruman ƙungiya-ƙungiya: Thor ya tafi neman sabon makami tare da Rocket da Groot, Tony Stark da Doctor Strange da Spider-Man sunka nufi duniyar Titan, Captain America da mutanensa sunka sauka Wakanda. Igiyar da ta ɗaure su duka kuwa mutum guda ne, Thanos, da farautarsa ta duwatsu 6.

In ka lura da kyau, ai shi ne jarumin fim ɗin. Shi ke da buri, shi ke tafiya, shi ke sadaukarwa, shi ya ci nasara, kuma a kansa anka rufe labari, yana zaune yana kallon rana da ɗan murmushi. Fuskarsa aikin kwamfuta ce, amma Josh Brolin ya sa mata rai, ta yadda sa'ad da ya jefa ɗiyarsa Gamora daga kan dutsen Vormir, hawayensa na kama zuciya ko ba ka so. Ƙarshen ma sai an jinjina masa: jarumai sun faɗi, rabin halitta ya zama toka, Spider-Man ya riƙe Tony Stark yana roƙo kamar yaro. Holiwud ba ta saba barin ɗan kallo ya tashi da irin wanga nauyi ba. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyar 2, kuma ban ce bai cancanta ba.

Ƙananan aibobinsa kowa ya san su. Wanda bai kalli finafinai 18 na baya ba zai zauna kamar baƙo a wurin rabon gado, ana ta kuka bai san wa ya mutu ba. Barkwanci na yawan katse baƙin ciki tun bai nuna ba. Mutuwar ma ta aro ce: kamfanin ya riga ya sa ranar sabon fim ɗin Spider-Man a watan Yuli na 2019, kuma wa zai binne Black Panther bayan ya kawo sama da dala miliyar 1? Waɗannan duk laifin kasuwa ne, kuma ba su ne ke damuna ba.

Ga abin da ke damuna. Thanos ya ce arziki ƙayyadadde ne, bakuna sun yi yawa, don haka a rage rabi. Ya ce duniyarsa Titan ta halaka don an ƙi jin shawararsa. Ya gaya wa Gamora cewa tun da ya kashe rabin mutanen duniyarta, yaran can ba su ƙara sanin yunwa ba. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun a 1798 wani limamin coci na Ingila, Thomas Malthus, ya rubuta cewa yawan jama'a na saurin wuce yawan cimaka. To mi jarumanmu sunka ce? Ga Tony Stark mai ƙera abin mamaki, ga Bruce Banner da digirorinsa, ga Shuri da ta fi su duka. Amsarsu naushi. Gamora ta kira abin kisan kai, kuma gaskiya ta faɗa, amma wannan amsa ta bar ƙofa a buɗe: ɗan kallo ya tashi yana cewa mugun magani ne, amma yana warkarwa. Da Endgame ya zo a 2019, maimakon ya gyara, sai ya ƙara gishiri. Bayan shekara 5, Captain America da bakinsa ke ba da labarin ya ga manyan kifaye a kogin Hudson na New York, jiragen ruwa sun ragu, ruwa ya yi tsabta. Ashe har an sa wa azzalumi hannu a takardarsa.

Tun da su ba su ba shi amsa ba, bari mu ba shi.

Na farko, lissafin ya karye tun daga tushe. Mutanen duniya sun kai miliyar 4 a 1974, sunka kai miliyar 8 a watan Nuwamba na 2022. Ke nan duk wahalar Thanos ba za ta yi shekara 50 ba, an koma gidan jiya. Kuma ku tambayi kakanninku mi ya faru a ƙasar nan a 1973 da 1974, sa'ad da duniya ke da rabin mutanenta na yau, mu kuma ba mu kai miliyan 6 ba. Fari da yunwa sunka ci dabbobi da mutane, har gwamnatin Diori Hamani ta faɗi a watan Afrilu na 1974. In ƙarancin baki ke kawo ƙoshi, ai da a shekarun nan munka fi kowa ƙoshi.

Na biyu, kowane baki da hannu biyu yake zuwa. Wanda ya share rabin jama'a ya share rabin manoma, rabin makiyaya, rabin masu haƙar rijiya, rabin ungozomai. Fim ɗin da kansa ya nuna abin ya haɗa da dabbobi, don da anka maido da waɗanda sunka ɓace a Endgame, tsuntsaye ne alamar farko. Wane irin mai maganin yunwa ne zai raba garke biyu ya ƙone rabi?

Na uku, sau da yawa yunwa na kashe mutane alhali abinci na nan. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, ya nuna haka a littafinsa na 1981 a kan yunwar Bengal ta 1943: abin da ya kashe talakawa shi ne rashin ikon saye. Mu ma mun gani a 2005. Hatsi na nan a kasuwannin Maraɗi, tiya ta fi ƙarfin aljihu, yara na kwance a cibiyoyin tamowa. Mutumin da ke riƙe da ikon sauya halitta da ƙyasta yatsa bai yi tunanin ninka hatsi ba, bai yi tunanin gyara rabo ba, kisa kaɗai ya gani. Kuma babu jarumi guda da ya tambaye shi dalili.

Mi ya sa abin ya shafe mu fiye da ɗan kallon Paris ko na Los Angeles? Don in manyan duniya sunka ce mutane sun yi yawa, ba kansu suke nufi ba. A watan Yuli na 2017, a taron G20 na Hamburg, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya danganta matsalar Afirka da mata masu haihuwar ƴaƴa bakwai zuwa takwas. Kowa ya san ƙasar da ake kawowa misali in an zo nan. Ban ce babu abin tattaunawa ba: tazarar haihuwa, lafiyar uwaye, barin ƴan mata su gama lakkwal, duk magana ce tamu, mu yi ta da mutunci. Amma a ƙidaya kawuna ba a tambayi wa ke cinye mi ba, wannan zamba ce. Thanos na alfahari cewa zaɓensa na adalci ne, ba ya bambanta mai kuɗi da talaka. Adalcin da ya ɗora wa mai tuƙa amalanke laifi daidai da na mai jirgin sama na kansa, wallahi sunansa zalunci.

Ku dubi Wakanda ma. Wata biyu kacal bayan Black Panther ya sa baƙar fata ta ko'ina ɗaga kai, sai ga ƙasar ta zama filin daga. Jarumai sun ƙi a lalata dutsen da ke goshin Vision don ba su yarda a sayar da rai guda ba. Madalla. Sai sunka kwashe shi zuwa Afirka, sarki T'Challa ya buɗe shingen ƙasarsa, mayaƙansa sunka yi ta zubewa, ba suna, ba makoki. Ran guda mai suna ya fi rayukan tarin marasa suna. Da wannan ma'auni kuma ake so a kayar da Thanos?

Na san abin da wasu za su ce: haba, fim ne kawai. To Endgame ya tara kusan dala miliyar 2.8, kuma Disney ba don wasa ya sayi Marvel a kan kusan dala miliyar 4 a 2009 ba. Labarin da ya shiga kowace nahiya, har ya iso wayoyinmu da muryar Faransanci, ya wuce kawai. Tsohuwa mai tatsuniya ta fi su sanin aiki: tana barin Gizo ya yi wayonsa har ya burge yara, amma ba ta cewa ƙurunƙus sai ta nuna inda wayon ya ƙare.

Saboda haka, ƴan uwa masu alƙalami, ku kalli fim ɗin, ku koyi yadda ake riƙe mutum 20 da igiya guda, da yadda ake ba mugu zuciya. Amma in kun ba mugunku hujja, ku tanadi wanda zai warware ta cikin labarin. Wanda kuma ya sake ce muku Thanos yana da gaskiya, ku tambaye shi: cikin ƴan ɗakinku, su wa ka ware?