A TSAI DA ƁARNA TUN BA TA AUKU BA

Mutanenmu da yawa suna zaton iyakacin aikin kotu a rigimar dukiya shi ne ta sa a biya diyya. Ba haka ba ne, 'yan'uwa. Akwai makamai biyu da ya kamata manoman Rurum Sabon Gari da 'yan kasuwar Rano da Kibiya su sani.

Na farko shi ne odar dakatarwa. In wani ya taso zai rushe rumfarka, ko zai kafa gini cikin gonarka, kotu tana iya ce masa ya tsaya cik har a gama shari'a. Na biyu shi ne odar cika alkawari. In ka sayi fili ka biya, mai shi ya ga wani ya ƙara kuɗi ya ce ya fasa, kotu tana iya tilasta shi ya miƙa maka filin nan dai, don kuɗi ba su maye gurbin gona.

Dokar nan daga Ingila ta zo, kuma tana da sharuɗɗa. Mai nema ya zo da hannu mai tsabta, kada ya yi jinkiri, kuma ya riƙe takardar ciniki da shaidu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dubi masu shagunan Filin Idi na Kano. An rushe su a 2023, daga baya Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30. To, amma hukunci ya tayar da shagon da ya riga ya zama ƙasa? Rigakafi ya fi magani.

Abin da ke damunmu shi ne yadda manya suka mai da odar kotu abin wasa. A watan Mayu na 2019, da aka ƙirƙiro masarautun Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi, kotu ta ce a dakata, aka ci gaba da naɗi. A 2024 da aka soke su, kotun Tarayya ta ba da oda, kotun Jiha ta ba da wata mai karo da ita. Alhali tun 1986, a shari'ar Ojukwu da Gwamnan Legas, Kotun Ƙoli ta ce hukuma ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta ana cikin shari'a.

In mai mulki ya taka oda yau, da wane baki zai ce wa mai kuɗi ya bi ta gobe? Wanda zai sha wuya shi ne mai rumfa ɗaya.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta bi odar kotu ko da ba ta yi mata daɗi ba. Ku kuma talakawa, ku rubuta cinikinku, ku je kotu tun katafila ba ta iso ba. Allah ya ba mai gaskiya sa'a.