An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Laifin Ba na Amfilifaya Ba Ne

Akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa a wuraren biki a Birnin Kebbi da Argungu. Dattawa sun ce amfilifayar da ta fi ta yanzu daɗin murya, samari masu hayar kayan sauti kuma sun ce tsufa ne ya toshe wa dattawan kunne. Mu dai mun yarda akwai abin da ya ɓace daga kiɗanmu, kuma dattawan sun ji ɓacewarsa da gaske. Inda muka raba hanya da su shi ne wurin ɗora laifi. Akwatin ƙarfe ba shi da hannu.

Ita wannan gardama ba mu muka fara ta ba. Makaɗan jita na Amurka da Ingila sun fi shekara hamsin suna yin ta. Suna zuba maƙudan kuɗi don mallakar Fender Bassman ta 1959, ko Vox AC30, ko Marshall ta farko da ta fito a 1962, duk masu aiki da bawul, wato ƙwan gilashin nan da ke ɗaukar zafi kamar fitila. Suna da hujja guda mai ƙarfi: idan aka matsa wa bawul fiye da kima, a hankali yake lanƙwasa sautin, sai ya fito da wata gurnani mai laushi, tiransisto kuwa datse shi take yi kamar an sa almakashi. Wannan gaskiya ne. Sai dai gurnanin da suke ƙauna ya samo asali ne daga lalacewa. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks reza ya sa ya tsaga fatar lasifikarsa don ya sami irin wannan amo. Yau kuma na'urori irin su Kemper, da ta fito a 2011, suna kwaikwayon tsofaffin har gogaggu kan kasa rarrabewa idan an rufe musu ido.

To, mu me ya haɗa mu da wannan? Galibin abin da muke kira amfilifayar da a ƙasar Kabi ko bawul ba ta da shi. Ahuja ce 'yar Indiya, mai tiransisto, a jona ta da batirin mota, a ɗaure amsa-kuwwa mai bakin ƙaho a kan sanda ko reshen darbejiya. Duk mai gyaran rediyo a kasuwa zai gaya maka ba wani abin a zo a gani ba ce. Amma rauninta ne ya yi mana rana. Amsa-kuwwa mai ƙaho ba ta iya fitar da sauti mai kauri, tsakiyar sauti kawai take ɗauka, kuma nan ne muryar ɗan Adam take zaune, nan ne kalangu yake magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma da hawa da sauka yake faɗin kirari. Shi ya sa idan Sani Aliyu Ɗandawo ya ɗauko waƙa, ko Gambu ya fara ba da labarin ɓarayinsa, na can bayan taro ma yana tsintar kowace kalma, yana jin inda 'yan amshi suka karɓa. Mai kunna na'urar kuma yana tsoron batir ya ƙare, yana tsoron ƙahon ya ƙone, don haka ba ya murɗawa har ƙarshe.

Yanzu ku je ɗakin biki a Birnin Kebbi ranar Asabar. An jera baƙaƙen akwatuna sun fi tsayin mutum, rabinsu ba abin da suke fitarwa sai dukan ƙirji. Yaron da ke bayan teburi ya tura komai sama har fitilun sun koma ja, sautin yana tsagewa, shi kuwa a ganinsa aiki ke nan. Uwar amarya ta biya kuɗi don a ji bikin 'yarta har unguwa ta uku, kuma ya fi na maƙwabciya ƙara. Idan an gayyato makaɗi na gaske, sai a miƙa masa makirufo ɗaya shi da mutanensa shida, a bar fiyano tana bugawa a kansa. Kalangu yana kirari, ba mai ji. Daga nan sai a fito ana cewa kayan zamani ba su da daɗi, alhali waɗannan kayan sun fi Ahuja tsabtar murya nesa ba kusa ba, da a ce za a bar su su yi aiki daidai ƙarfinsu.

Abin bai tsaya ga daɗi ba. Masana lafiyar kunne sun ƙiyasta cewa ƙarar da ta kai desibel 85 ba a so mutum ya wuce awa 8 a cikinta, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ke nan. Su wa ke zama dab da bakin lasifika? Yara, da goyon da ke bayan iyayensu. Jijiyar ji idan ta mutu ba ta dawowa.

Wanda ke ganin sabon kaya ne ke kashe fasaha ya dubi Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar. Da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A 2008 a Sakkwato, nan maƙwabtanmu, ya naɗi waƙoƙinsa na farko, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, wadda dattawa suka fi tsana. Waƙoƙin suka bi wayoyin hannu da katin memori suka ƙetare Sahara, yau ga shi yana cika dandali a Turai da Amurka. Ba wanda ya tambaye shi shekarar da aka ƙera amfilifayarsa.

Abin da ya sa muke jin haushin wannan kewa ta tsohon ƙarfe shi ne tana wanke masu laifi. Muddin an ce na'ura ce, to mai biki ya kuɓuta, mai hayar kaya ya kuɓuta, mu da muke zaune muna toshe kunne ba mu ce uffan ba mun kuɓuta. Sai a yi ta cigiyar Ahuja a kasuwar 'yan gwangwan, makaɗin gargajiya kuma yana zaune a gida ba gayya, ɗansa ya kama acaɓa.

Argungu ce ta fi kowa abin asara a nan. Bikin kamun kifi ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Sautinsa na asali ba ya buƙatar wuta: makaɗa a cikin kwalekwale, ƙarar gora, ihun dubban masunta sa'ad da suka auka Matan Fada da homarsu. Roƙonmu ga masu shirya bikin ƙarami ne. Idan an ba da alamar shiga ruwa, a kashe lasifikan rumfa na rabin awa. Idan kuma makaɗan fada sun hau dandali da dare, a ba kowane kalangu makirufonsa, a rage masu dukan ƙirjin, a sa wanda ya san kirari ya zauna kusa da yaron teburi.