Gogewa Ba Gyara Ba Ce

A shagunan kwamfuta na Dutse, da ma tsakanin ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke garin, akwai magani guda da ake bai wa kowace cuta: a goge manhajar, a sake saukewa. Wannan lalacin tunani ne da ya sa rigar ƙwarewa, kuma ƙaramin misali ya isa ya tona shi.

A ɗauka ɗalibi ya je hutu gida Aujara, ya buɗe Vim, manhajar rubutun da Bram Moolenaar ya fitar a 1991. Ya buga :Explore domin ya ga jerin fayilolinsa, sai ta amsa da E492, wato ba ta san wannan umarni ba. Abin da ya faru shi ne netrw, ɗan ƙarin da ke buɗe folda a cikin Vim, bai tashi ba. Nan take abokai za su ce ya goge.

Ko sau goma ya goge, matsalar tana nan. Cire Vim ba ya taɓa fayil ɗin .vimrc, inda mai kwamfuta ke ajiye saitunansa. Sau da yawa a can ɓarnar take: layin let g:loaded_netrwPlugin = 1, wanda aka kwafo daga saitin wani a GitHub ba tare da an karanta ba. Layin yana sa netrw ya ɗauka an riga an loda shi, sai ya koma ya kwanta. Wani lokacin kuma vim-tiny ce a kwamfutar, 'yar ƙaramar sigar da Debian da Ubuntu ke zuwa da ita, wadda ba ta iya tafiyar da irin wannan ƙari. A nan cikakkiyar Vim ake bukata. Maido da wadda aka cire aikin banza ne.

Gano wannan ba ya cin data ko ta sisi. A buɗe da vim -N -u NORC: in :Explore ya yi aiki, laifin na .vimrc ne. Umarnin :scriptnames yana lissafa duk abin da aka loda. Idan vi --version ya nuna -eval, ƙaramar sigar ce.

Masu gyara za su ce lokaci kuɗi ne, gogewa ta fi sauri. Saurin na mai shago ne kaɗai. Wanda ya sayi datar, ya biya cajin batir, shi zai koma gida da cutarsa. Abin tsoron ma yana gaba: ɗaliban nan su za a damƙa wa bayanan asibitoci da albashin ma'aikata, inda gogewa ke nufin asarar da ba ta dawowa.

Maƙera sun ce sanin wurin duka shi ne ƙira. Malamin da bai koya wa ɗalibi karanta saƙon kuskure ba, guduma kawai ya miƙa masa.